Ranar da Ɗan Alhaji Ya Shiga Gaba

A shagon tayoyin Alhaji da ke gabashin garin Greensboro a Amurka, ni ne mai karanta takarda. Mutanen da ke zama a can kusan duk 'yan Nijar ne, direbobin tasi da ma'aikatan kamfanonin kaya, waɗanda suka yi boko a cikinsu da Faransanci suka yi, Turancinsu kuwa iyakarsa ciniki da gaisuwa. Ni Bakano ne, ina shekara ta huɗu a karatun digirin digirgir kan aikin jarida, karatun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan bi su shago in sha shayi, su kuma su miƙo min wasiƙun inshora da na makarantar yara in fassara. Malam suke ce min. A jami'a ko sunana malamaina ba su iya faɗa daidai ba, saboda haka wannan Malam ɗin yana yi min daɗi fiye da yadda zan so in amsa.

Alhaji mutumin Maradi ne, dogo, mai ƙarancin magana, kuma ɗansa namiji ɗaya ne. An kawo yaron yana ɗan shekara shida, ya tashi a gidansu na McLeansville, inda maƙwabcinsu wani tsohon Bature ne da ya ƙare rayuwarsa a gyaran motocin tsere. Tun yana ƙarami yake tsallaka fili ya je ya tsaya a garejin tsohon. Alhaji ya so ya karanta haɗa magunguna. Yaron ya yi shekara ɗaya a jami'a ya dawo ya ce shi tseren mota zai yi, tsohon ya ba shi wata tsohuwar mota koriya ya ce su gwada. Daga ranar Alhaji ya daina cin abinci tare da shi. Yana aiki a shagon, suna wuni wuri ɗaya, amma in ban da amsa gaisuwa babu abin da ke haɗa su. Shekararsa ashirin da ɗaya a lokacin, kuma duk wanda ya ga yadda yake satar kallon ubansa ya san abin da yake nema a duniya bai wuce uban ya ce ya yarda ba.

Sai jarida ta gano shi. Wata Juma'a direban tasin da ya fi kowa surutu a wurin ya shigo da jaridar garin yana kaɗa ta sama. Shafi guda cur, da hoton yaron ya jingina da koriyar motar, hular kwano a hammata. Kwana biyu kafin nan gidan talabijin ma ya nuna shi na ɗan lokaci. Ni da na karanci sana'ar na san abin da suka gani. Ba tuƙinsa suka gani ba, domin babu ɗan jaridar da ya zauna ya kalli tserensa ko sau ɗaya. Baƙin yaro suka gani, Musulmi, haifaffen Afirka, a wasan da fararen ƙauye suka gada daga kakanninsu. Labari ne mai sayar da kansa, ko da yaron bai iya tayar da mota ba.

Aka ba ni kujera, aka rage rediyo. Na fara karantawa ina juyawa zuwa Hausa, kuma tun a layi na uku na ji bakina ya fara ƙara gishiri. Inda jarida ta ce yana da alamun zai yi nisa, na ce babu kamarsa a jihar. Inda ta ce tsofaffin direbobi sun fara lura da shi, na ce tsoronsa suke ji. Duk ƙarin da na yi sai wurin ya ɗauki kabbara, ni kuma in ji kaina ya ƙara girma. Wani ya kawo rikoda ya ce in sake daga farko a ɗauka a kaset a aika Maradi. Na sake, na ƙara abin da na manta ban ƙara ba a karon farko.

A can ƙasan shafin akwai ɗan sakin layi biyu. A nan ne aka ce wannan shekararsa ta farko ce, a ajin ƙananan motoci yake, bai taɓa kusantar na ɗaya ba, motarsa ta girmi ta kowa, kuma tsohon da ke koya masa ya roƙi a ba shi shekaru kafin a fara yi masa hukunci. Idona ya kai wurin, na ninke jaridar na ce shi ke nan.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don yaron na yi haka, don ubansa ya sauko. Ƙarya ce. Hassada ce ta fi yawa. Shekara huɗu ina rubuta abin da mutum uku ne za su karanta a duniya, ga wani da ya gudu daga aji an ba shi shafi guda da hoto mai launi. Na so in hura shi ya kumbura sosai, in ga inda zai fashe.

Alhaji ya karɓi jaridar ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ɗaga murya ya kira ɗansa, wanda ke bayan shago yana cire taya, kuma duk ya ji abin da aka yi.

"Yaushe za ku yi na gaba?"

"Asabar ta sama, Baba."

"Bon. Muna zuwa, mu duka."

Yaron ya durƙusa, Alhaji ya dafa kansa, abin da bai yi ba shekara guda. Da na fito zan tafi tashar bas ya biyo ni, hannunsa duk baƙin mai. Da Turanci ya yi min magana, murya ƙasa ƙasa, ya ce Malam ka tsallake ƙarshen. Na ce masa jaridar tana nan, in yana so mu koma yanzu in karanta wa Baba sauran. Ya tsaya yana kallon ƙofar shagon. Bai ce a koma ba, ni kuma na san ba zai ce ba, shi ya sa na tambaya.

Ranar Asabar motoci tara muka yi, tasi da bas-bas na iyali, tafiyar kusan awa guda zuwa wani ɗan filin tsere a bayan gari. Maza sun sha shadda, Alhaji da babbar riga fara, Hajiya mahaifiyar yaron da ƙawayenta sun cika kuloli da shinkafa da kaji. Muka hau benayen katako muka cinye layi uku a tsakiyar Turawa masu hulunan hana-sallah, suna ta juyowa suna kallonmu. Filin zagaye ne kamar faranti, bai da wani girma, motoci sai su yi ta kewaya shi har a cika adadin da aka yanka. A cikinmu babu wanda ya taɓa ganin irin wannan. Tseren da suka sani shi ne na keke ko na ƙafa, daga nan zuwa can, wanda ka gani a gaba shi ne a gaba. Ni kaɗai na kwana biyu ina karanta dokokin wasan a laburare, ban kuma gaya wa kowa ba.

Aka tashi da ƙarar da ta sa mata toshe kunne. Koriyar mota tana can kusa da ƙarshe. Alhaji ya tambaye ni dalili, na ce haka ake jera sababbi, ya gyaɗa kai. Aka yi ta zagaye, na gaba suna ƙara nisa, yaronmu yana ƙara zama a baya shi da wasu biyu. Ana cikin haka wani ya duba agogo ya ce la'asar ta yi. Alhaji ba ya jinkirta salla ko don wa. Suka sauka gaba ɗaya, maza da mata, suka nufi bayan benaye inda akwai ciyawa da famfo, aka bar ni in tsare wuri da kuloli.

Saboda haka ni kaɗai na ga abin da ya faru. Tazarar ta yi ta buɗewa har na gaban suka cinye zagaye guda suka ɓullo ta bayansa. Daidai lokacin da jama'armu suka dawo suna gyara huluna, koriyar mota ta fito daga kwana ita kaɗai, ga jerin motoci goma sha a bayanta suna neman hanya.

Direban tasin ne ya fara ihu. "Ya shiga gaba! Wallahi ya shiga gaba! Shampiyon!"

Layi uku suka miƙe tsaye. Hajiya ta rangaɗa guɗa, ƙawayenta suka amsa. Mutumin da ke kan ɗan dandamali a bakin layi ya zaro wata shuɗiyar tuta mai ratsin rawaya ya shiga kaɗa wa yaron. Ma'anar tutar ita ce: an zagaye ka, kauce ka ba masu tsere hanya. Alhaji ya kama hannuna.

"Malam, wagga tuta ta mi ce?"

"Shi kaɗai ake ɗaga wa ita, Alhaji. Ba ka ga ba a yi wa kowa ba?"

Ban yi ƙarya ba, na dai zaɓi gaskiyar da zan faɗa. Alhaji ya saki hannuna ya ɗaga nasa biyu sama, babbar riga ta buɗe, yana kiran sunan ɗansa da muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba. Hawaye na bin gemunsa. Yaron ya raɓe gefe kamar yadda doka ta ce, motocin suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, mutanenmu suka ce dabara ce, yana tanadin mai. Can an jima suka sake cin zagaye suka ɓullo ta bayansa, aka sake zaro tutar, mu kuma muka sake tashi da ihu cewa ya ƙwace abinsa. A wannan karon Turawan da ke kewaye da mu sun gane abin da muke wa murna. Wata mata ta rufe baki da gwangwanin lemo. Wasu samari a bayanmu suka miƙe suna taya mu tafi suna ƙyalƙyala dariya, ɗaya yana ɗaukarmu a kyamara. Alhaji ya juya ya ɗaga musu hannu yana godiya.

Na ga duk wannan, kuma na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba. Wani daɗi ne mai ɗaci da ya cika min ƙirji, har na sunkuyar da kai kada a ga fuskata.

Da aka kaɗa tutar ƙarshe, wata jar mota ce ta tsaya a tsakiyar fili aka ba direbanta kofi. Mutanenmu suka fara cewa an yi maguɗi, wariyar launi ce, ai kowa ya gani. Direban tasin har ya fara sauka zai je ya yi rigima. Wani baƙar fatar Amurka da ke zaune a gefe da jikarsa ya tare shi, ya nuna masa allon sakamako, ya zana masa da'ira a tafin hannu yana bayani a hankali. Na ga fuskar direban tana sauyawa. Shi kuwa ba mutum ne mai riƙe magana ba. Daga inda yake tsaye ya ɗago kai ya faɗa da ƙarfi, mata da yara suna ji:

"Alhaji, ashe zagaye shi aka yi! Sau biyu! Tutar ga cewa ake ya kauce ma mutane. Na ukun ƙarshe ya zo!"

Alhaji ya sauke hannayensa ya juyo ya dube ni. Na ce wallahi ni ma ban san dokar ba. Da rantsuwa na faɗa.

Muka gangara wurin da ake ajiye motoci, saboda babu yadda za a yi a tafi ba a ga yaron ba. Ya fito ta tagar motar jiƙe da gumi, yana murmushi har kunne. Bai san abin da aka yi a kan benaye ba. Shi a wurinsa ranar babbar rana ce, karon farko da ya kammala dogon tsere bai bugi kowa ba, ba a buge shi ba. Ya nufo ubansa zai durƙusa, ya ga fuskar, murmushin ya tsaya.

Tsohon Baturen ya goge hannu a wando ya miƙa wa Alhaji, ya fara magana da irin Turancin ƙauyen nan mai jan baki, wanda ko direban tasin ba ya kama rabinsa. Ni na kama duka. Ya ce 'yan jarida shashashai ne, sun ɗora wa yaro kayan da ba nasa ba. Ya ce amma yau ya ga abin da yake nema: yaron ya riƙe layinsa, ya ba da hanya cikin tsabta sau biyu ba tare da fushi ya ɗebe shi ba, ya dawo da motar da ya kamata a ce tana juji ba ko kwarzane. Ya ce tun yana saurayi yake wannan harka, masu ƙafa mai nauyi a kan totur ya gani ba adadi, masu haƙuri irin na wannan yaron kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ya ce ka yi alfahari da ɗanka, ka ba shi lokaci.

Alhaji bai dubi tsohon ba, ni ya duba.

"Mi tsohon ga ya ce?"

Da na fassara, da dole in ce haka jarida ma ta rubuta a ƙasan shafi, kuma ni na ninke ta. Ga yaron tsaye taku biyu daga ni, yana jin harsunan biyu, idonsa a kan bakina.

"Godiya yake yi da kuka zo, Alhaji. Ya ce Allah ya mai da ku gida lafiya."

Yaron ya buɗe baki. Hausarsa ta gida ce, ta abinci da aike, ba ta kai ta ɗauki irin wannan magana ba, kuma ko ta kai, da wane ido zai tsaya gaban ubansa da abokan ubansa ya ce an ce ni gwani ne? Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, please." Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Ka tara ni da mutanena an yi muna dariya. Uwarka ta yi guɗa don an ce ka kauce. Litinin ka koma ma taya, in kuwa na sake jin ka taka garejin wanga mutum, ka nemi wani uban." Ya juya ya tafi. Kulolin kaji haka aka mai da su mota ba a buɗe ba.

Jaridar ba ta sake ambatonsa ba. Wata guda bayan nan ta ba wata yarinya 'yar makarantar sakandare irin shafin nan, da irin hoton, ita ma an ce ita ce tauraruwar gobe. In aka tambaye ni ko yaron ya cancanci kururuwar da aka yi masa, zan ce bai cancanta ba, kuma ba shi ya nema ba. Abin da ya cancanta kaɗan ne, kuma na gaske ne, tsohon ya faɗe shi cikin minti ɗaya a gabana.

A shago kuwa labari ya zama abin shan shayi. Duk wanda ya tare wa wani hanya sai a ce a ɗaga masa tuta. In yaron ya gifta da taya a kafaɗa, direban tasin sai ya zaro hankici ya kaɗa masa. Sai ya wuce da tayarsa.

Wata Laraba da rana ya zo har ɗakina a unguwar Glenwood. Ban san ya san gidan ba. Ya ƙi zama, ya tsaya a bakin ƙofa tsakanin kekunan ɗalibai, ya rame. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da Hausa ya yi maganar, yana lalubo kalmomin ɗaya ɗaya, na gane ya shirya su tun daga gida.

"Malam, don Allah. Ba na son mota kuma. Kawai ka faɗa wa Baba abin da tsoho ya ce. Kai yake yarda da kai."

Na ji kunya har cikin ƙashina. Na ce masa ranar Juma'a in sha Allah zan faɗa, a gaban kowa, da abin da na tsallake a jarida. Kuma a lokacin da gaske nake.

Ranar Juma'a na shiga shagon da maganar a bakina, na yi ta maimaita ta a cikin bas. Na tarar wuri ya cika, saboda wani ƙanen Alhaji ya iso daga Maradi a makon, kuma ya ji kaset, ya zo yana tambayar ina shampiyon. Direban tasin yana ƙoƙarin ba shi labari yana ta kwaɓawa. Abin da ban zata ba shi ne Alhaji da kansa yana dariya, wata busasshiyar dariya, ta mutumin da ya ga gara ya riga kowa. Ta ƙofar baya ina hango yaron durƙushe gaban wata mota, ya dakatar da aiki da ya ga na shigo, ya ɗago yana kallona.

Alhaji ya nuna min kujerar da ke kusa da shi.

"Yauwa, ga Malam. Kai direba, bari, ba ka iya ba. Malam, kai ka iya labari. Ba ƙanena yadda aka yi, tun daga salla."

Aka miƙo min shayi. Kowa ya gyara zama, an fara murmushi tun ban buɗe baki ba. Na kurɓa, na ajiye kofin, na fara tun daga salla. Har guɗar Hajiya na kwaikwaya. Ina tsakiyar ba da labarin tuta ta biyu na ji injin ɗaure taya ya ci gaba da ƙara a bayan shago.